Ƙadangaruwar da aka ɗauka barcin hunturu take yi

## Dabbar da yadda ake kiwon ta

Ƙadangaruwa ce mai gemu, jinsin da masana ke kira Pogona vitticeps, shekararta biyu da rabi lokacin da abin ya faro. Asalin wannan jinsi tsakiyar Ostareliya ne, yankin busasshen daji da duwatsu, inda ƙadangaren ke hawa kan kututture ko dutse da hantsi ya shanya jikinsa har ya yi ɗumi kafin ya fita neman abinci. Tun shekarun 1960 Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta, saboda haka waɗanda ake kiwo a gidaje a sauran duniya ƙyanƙyasar keji ne. Amma haihuwar keji ba ta sauya musu jiki ba. Ba sa samar wa kansu zafi, daga waje suke karɓar sa, kuma narkewar abinci, motsin hanji da ƙarfin garkuwar jiki duk sun rataya ne a kan wannan zafin. A keji, fitila ce ranarsu.

Mai ita ya karɓe ta tana da wata huɗu. Kejinta na gilashi ne, tsawonsa santimita 120, faɗi da tsayi 60-60, an rufe samansa da raga mai ƙananan ido. A gefe ɗaya akwai dutsen shan zafi da kwan fitila mai wat 100 a kansa, sai doguwar fitilar UVB, wato wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani wanda fata ke bukata don haɗa bitamin D3, da aka ɗora a kan ragar. An shimfiɗa yashi a ƙasa, an jingina reshen itace, an sa maɓoya a ɓangaren sanyi. Abincinta ganye ne kullum, sai gyare da tsutsa sau uku a mako, ana barbaɗa musu garin kalsiyam wanda ba a haɗa shi da bitamin D3 ba. A watan Agusta aka auna ta a sikeli, nauyinta giram 430. Daga nan ba a sake auna ta ba sai bayan wata uku.

A ƙarshen Satumba kwan fitilar zafi ya ƙone. Mai ita ya sa wanda ya samu a gida, mai wat 60. Ya duba ɗan ma'aunin zafi mai hannu irin na agogo da ke manne a bangon keji, ya ga yana nuna digiri 35, ya ce ba laifi.

## Tsakiyar Oktoba zuwa 5 ga Nuwamba: jira

Ganye ta fara ƙi. Bayan mako guda gyaren da take wawura goma a zama ɗaya ya koma biyu ko uku, shi ma sai an kawo mata har bakinta. Tana hawa dutsen da safe, ta kwana biyu tana wuni a kai ba ta sauka, sannan ta daina hawa gaba ɗaya, ta koma ƙarƙashin maɓoya ta lumshe ido. Kashin da take yi duk kwana biyu ya koma sau ɗaya a mako, mai ruwa-ruwa, da wari fiye da yadda aka saba.

Mai ita ya danganta abin da barcin hunturu, kuma yana da dalili. Manyan ƙadangaru masu gemu kan rage motsi da ci idan sanyi ya shigo, wuni ya gajarta. A Ostareliya wannan kan faɗo tsakanin Yuni da Agusta, waɗanda ke arewacin duniya kuma sukan bi hunturun inda suke. Wasu kan yi makonni, wasu har wata uku, ba ci sai ɗan ruwa. Shekarun dabbar sun kai, lokacin ya yi daidai, alamun sun yi kama. Shawarar da aka saba bayarwa game da wannan barci ita ce a ƙyale dabba, kada a dame ta. Ya ƙyale ta, har ya rage awannin da fitilu ke ci daga 12 zuwa 8 don ya taya ta.

Mako uku suka wuce a haka.

## 6 zuwa 20 ga Nuwamba: abin da aka gwada a gida

Hankalinsa ya fara tashi ne ranar da ya ɗago ta zai ba ta ruwa. Gindin wutsiyar da a da yake cike ya motse, ƙasusuwan ƙugu biyu sun fito ana jin su da yatsa. Tudun kitsen nan biyu da ke bayan idanu, a saman kai, sun lotsa. Gemun ya yi baƙi ba tare da an tsokane ta ba. Farin abin da ke fita tare da kashi, wanda shi ne fitsarinsu, ya koma ɗorawa-ɗorawa kuma ya ƙandare.

Abu na farko da ya gwada shi ne jiƙa ta a ruwan ɗumi, minti 20 kullum. Ta kurɓi ruwan sau biyu, wannan kam ya amfane ta. Sauran ranakun ba ta sha ba, kuma zama cikin ruwa ba ya shayar da ƙadangare, ta baki yake sha. Ruwan kan huce kafin a cire ta, a mayar da ita keji a jiƙe, ta shige maɓoya jikinta ya fi na dā sanyi.

Na biyu, ya sayo tsutsotsi masu kitse, irin waɗanda ƙadangaru ba sa iya kauda kai a kansu. Ta ci huɗu ranar farko, ya yi murna. Bayan kwana biyu ya tarar ta amayar da su a kan yashi, kusan yadda ta haɗiye su.

Na uku, ya ninka garin kalsiyam, ya dama shi da niƙaƙƙen ganye da kabewa, ya riƙa ɗura mata da sirinji. Tana cije baki, rabin abin yana zubowa ta gefe, wata rana har ta hanci ya fito. Ya tsorata ya daina, kuma gara da ya daina, domin ƙofar numfashin ƙadangare a gindin harshe take, ɗura ga dabbar da ba ta da ƙarfin haɗiya kan iya kai abinci huhu.

A cikin waɗannan kwanaki ne ya lura yatsun ƙafafunta na baya suna ɗan karkarwa idan ya ajiye ta a tafin hannu, kuma in za ta yi tafiya ba ta ɗaga cikinta daga ƙasa.

## 21 ga Nuwamba: ranar awo

Kafin ya kai ta asibitin dabbobi, an nemi ya zo da nauyinta, da zafin keji a wurare uku, da shekarun fitilu, da sabon kashi a cikin roba mai murfi. Ya ari ma'aunin zafi irin wanda ake haska wa abu daga nesa.

Sikeli ya nuna giram 368. Ta zubar da giram 62 ke nan daga Agusta, sama da kashi 14 cikin 100 na nauyinta.

Saman dutsen shan zafi digiri 30 ne, bayan fitila ta yi awa uku tana ci. Abin da babban ƙadangare mai gemu ke bukata a wurin shi ne 38 zuwa 42. Ɓangaren sanyi 20 ne, inda ake son 22 zuwa 26. Da asuba kejin ya sauka zuwa 16, saboda ɗakin ma ya yi sanyi da shigowar hunturu. Ɗan ma'aunin bangon yana nan a 35 ɗinsa: an manna shi ne a sama kusa da kwan fitila, iskar wurin yake aunawa, ba inda dabbar ke ɗora cikinta ba.

Fitilar UVB kuwa, rasit ya nuna watanta 19. Tana ci tas, shi ya sa bai taɓa zargin ta ba. Tsakaninta da dutsen santimita 45 ne, ga ragar a tsakani.

## 23 ga Nuwamba: a gaban likita

Likitan ya saba da dabbobi masu jan ciki, abin da ba kowane likitan dabbobi ya ƙware a kai ba. Da mai ita ya ce, "Likita, ai na ɗauka barcin hunturu take yi," bai musa masa ba, tambayarsa ya yi nauyinta na ƙarshe kafin ta kwanta.

Ya bi jerin abubuwan da kan kawo kasala da rashin ci ɗaya bayan ɗaya, domin waɗannan alamu biyu kusan kowace cutar ƙadangare da su take fara sallama. Ya buɗe bakinta, dasashi ba kumburi ba ruɓa. Ba ta cikin saɓa. Ya lalube cikin a hankali, bai ji dunƙule ba. Ya matsa muƙamuƙin ƙasa, ya ɗan ba da kai kaɗan, amma bai yi laushin da ake gani idan ciwon ƙashi ya yi nisa ba. Fatar gefenta da ya tsunkula ta yi jinkirin komawa.

Hoton eksire ya kawar da abubuwa biyu da aka fi tsoro. Na ɗaya toshewar hanji, wanda yashin da ke kejin ya sa dole a duba. Na biyu ƙwai. Macen wannan jinsi tana iya ɗaukar ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba, sau da yawa fiye da 15 a ciki ɗaya, kuma idan suka maƙale abin kan kai ga tiyata. Babu ko ɗaya. Abin da hoton ya nuna shi ne ƙasusuwan ƙafa da na yatsu ba su fito da haske yadda ya kamata ba, alamar sun fara rasa kalsiyam. Babu karaya.

An ɗebi jini ta jijiyar ƙarƙashin wutsiya. Kalsiyam ya yi ƙasa, sinadarin fosfaras ya haura shi, alhali a lafiyayyen ƙadangare kalsiyam ne ke sama. Awon ƙoda ya ɗan hau, daidai da dabbar da ruwa ya yi wa ƙaranci. Sukarin jini daidai yake, kuma likitan ya duba shi da gangan, domin akwai wata sankarar tumbi da aka sani a wannan jinsi wadda kan zo da rashin ci tare da hauhawar sukari.

Kashin ne ya fi ba da labari. A ƙarƙashin madubin likita an ga ƙwan ƙananan tsutsotsin hanji 'yan kaɗan, waɗanda ƙadangaru da yawa ke rayuwa da su lafiya lau, likitan bai ma taɓa su ba. Amma ƙwayoyin koksidiya, wasu ƙananan halittu masu cutar da hanji, sun cika fili. Masu kiwon kaji sun san danginsu. Na ƙadangare mai gemu sunansa Isospora amphiboluri, yana zama a bangon hanji yana lalata shi, kuma ba ya bukatar wata dabba a tsakani: ya fita a kashi, ya nuna a ƙasan keji, ya koma ta baki. Lafiyayyen babban ƙadangare kan riƙe su kaɗan ba tare da wata alama ba. Sai garkuwar jiki ta raunana suke yin yawa.

An ajiye gwajin adinobairos, ƙwayar cutar da ita ma kan kawo rama da kasala, da sharaɗin a yi shi idan wata guda ya wuce ba sauƙi.

## 24 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba: magani

Likitan ya tsara abin daki-daki, kuma ya nace a kan jerin: zafi, ruwa, magani, sannan abinci.

A ranar aka mayar da kwan fitila mai wat 100, aka riƙa gyara tsayin dutsen ana aunawa har samansa ya tsaya a digiri 40. Aka ƙara kwan tangaran mai ba da zafi ba haske, da na'urar da ke kashe shi da kunna shi, don kada dare ya sauka ƙasa da 20 muddin tana jinya. Fitilu suka koma awa 12. Aka sa sabuwar doguwar fitilar UVB irin T5, wannan karon a ƙarƙashin raga, a nisan da kamfaninta ya rubuta. Da aka gwada tsohuwar da na'urar awon UV, a nisan da take daga dutsen, ba ta kai rabin maki ɗaya ba. Sabuwar ta ba da kusan 4, wanda ke cikin abin da ake so wa ƙadangaren da ke shan rana a fili.

Dalilin wannan fitila sai an ɗan tsaya a kai, don a nan ne garin kalsiyam ɗin da aka yi ta ninkawa ya tashi a banza. Hasken UVB ne ke sauka a kan fata ya fara haɗa bitamin D3, ɗumin jiki ya ƙarasa haɗin, hanta da ƙoda su mayar da shi yadda zai yi aiki, sannan ne hanji zai iya tsotse kalsiyam daga abinci. In babu D3, kalsiyam wucewa yake. Jiki kuma ba ya yarda na cikin jini ya ƙare, tunda da shi tsoka da jijiya ke aiki, sai ya riƙa kwasowa daga ƙashi. Karkarwar yatsu da jan ciki daga nan suke. Gyare da tsutsa suna ƙara dagula lissafin, domin fosfaras ɗinsu ya fi kalsiyam yawa, alhali abincin ƙadangare ana so kalsiyam ya kusa ninka fosfaras. Fitilun UVB kuma suna daina ba da wannan haske tun kafin su daina ci, shi ya sa ake sauya su duk wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinsu. Gilashi yana tare hasken kusan gaba ɗaya, raga mai ƙananan ido tana cinye wani kaso mai yawa.

An yi mata allurar ruwa mai ɗumi a ƙarƙashin fata a asibiti, aka maimaita bayan kwana biyu. Aka ba da ruwan kalsiyam na sha da maganin koksidiya, toltrazuril, gwargwadon nauyinta. Abinci sai rana ta uku, ɗan kaɗan, mai ruwa, ana ɗiga shi a kan leɓe ta lasa da kanta, kuma sai ta yi awa biyu a kan dutse tukuna.

Aka kwashe yashin duka aka zubar, aka shimfiɗa takarda da ake sauyawa kullum. Aka cire reshen itace. Kashi da ya fito a ɗauke nan take, gyaren da ba ta ci ba kada ya kwana a keji yana bin kashi. An ja kunnen mai ita ya riƙa wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, saboda dabbobi masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, mai kama mutum, ko da lafiyarsu ƙalau.

Rana ta huɗu ta hau dutsen da kanta. Ta baje haƙarƙari ta yi faɗi, launinta ya yi duhu don ta ja zafi, bayan wajen rabin awa ta wangale baki, abin da suke yi idan jiki ya kai ɗumin da suke so. Rana ta tara ta bi gyare da ido, ta kama biyu. A ƙarshen mako na biyu karkarwar ta tsaya. Nauyi 374.

## Tsakiyar Disamba: koma baya

A mako na uku kashi ya sake yin ruwa, ci ya ja baya, sikeli ya tsaya cak. Gwaji na biyu ya nuna koksidiya sun ragu amma suna nan da yawa. Da aka bincika, ashe mai ita ya ga kejin ya yi fili ta rasa abin hawa, sai ya wanke tsohon reshen da bilic ya mayar. Ƙwan koksidiya yana da ɓawo mai tauri da bilic da yawancin magungunan goge-goge ba sa iya masa, itace kuma yana da ƙofofi da tsage inda yake maƙalewa. Zafi ne ke kashe shi, tafasasshen ruwa ko tururi.

Aka jefar da reshen. Dutse da kwanuka aka riƙa zuba musu tafasasshen ruwa, kejin aka bi shi da tururi sau ɗaya a mako, aka maimaita maganin zagaye na biyu. Gwajin farkon Janairu ya nuna 'yan tsiraru. Likitan bai ƙara magani ba, tunda dabbar na ci, kashinta ya ɗaure, nauyi na hawa. Gwajin adinobairos bai zama dole ba.

## Janairu zuwa hunturu na gaba

Ƙarshen Janairu giram 395, ƙarshen Maris 425. Ganye ne abu na ƙarshe da ta koma wa, sai a Fabrairu, bayan an rage ƙwari zuwa sau biyu a mako don yunwa ta kai ta ga kwanon. Hoton da aka sake ɗauka a Afrilu ya nuna ƙasusuwan sun cika, muƙamuƙin ya yi ƙarfi, babu inda ya lanƙwashe. An bar takarda aka koma tayil. Awon nauyi ya zama na kowane mako, a rubuce, kuma an rubuta ranar da aka sa fitilar UVB a jikin fitilar da alƙalami.

A Nuwamban da ya biyo ta sake ƙin abinci ta shige maɓoya. Wannan karon an kai kashinta gwaji tun kafin ta kwanta, an tabbatar cikinta ya fita, dutsen yana kan 40. Ta yi mako bakwai a kwance. Nauyinta ya sauka daga 441 zuwa 432, gindin wutsiya a cike, in an ɗaga ta tana buɗe ido tar ta riƙe hannu da farce.

## Hukunci

Sauya kwan fitila ne ya buɗe ƙofa. Ragin digiri goma a kan dutse ya isa ya tsayar da narkewar abinci ya kuma raunana garkuwar jiki, koksidiyan da take ɗauke da su suka samu sarari. Ƙarancin kalsiyam kuwa ya girmi wannan, ya yi watanni yana tafiya a ɓoye ƙarƙashin fitilar da ta gaji, rashin ci ya fito da shi fili.

Zargin barcin hunturu a makon farko ba wauta ba ne, gogaggun masu kiwo ma sukan yi shi. Inda aka yi asara shi ne mako biyar da aka shafe ba a ɗora ta a sikeli ba. Barcin gaskiya ya ci giram 9 a mako bakwai, ciwon ya ci 62, kuma kashi mai ruwa da wari ba ya cikin alamun barci tun farko. Rage awannin fitila, da aka yi da kyakkyawar niyya, ƙara mata sanyi ya yi.

Dabarun gida kuwa akasarinsu a kan rashin ci suka taru, an bar jaki ana dukan taiki. Tsutsa mai kitse, ɗura da garin kalsiyam ba su da amfani ga cikin da ke digiri 30, biyu daga cikinsu ma haɗari ne. A ganina maganin koksidiya shi kaɗai da bai tashe ta ba, haka gyaran fitila shi kaɗai da ya bar ta da zawo a lokacin da ta riga ta rame. Abin da ya yi aiki shi ne jerin da likitan ya bi, zafi a gaba. Koma bayan da aka samu a Disamba kuma ba gazawar magani ba ne: reshen da aka mayar ne, ya jawo zagaye na biyu na magani da kusan mako uku da nauyi bai motsa ba.